Shari'ar Glivec da Iyakar Haƙƙin Mallakar Magani

Sharhin na yau zai duba hukuncin da Kotun Ƙolin Indiya ta yanke ranar 1 ga Afrilu, 2013, a ƙarar da kamfanin harhaɗa magunguna na Novartis, mai hedikwata a birnin Basel na ƙasar Suwizalan, ya shigar da gwamnatin Indiya a kan maganin sankarar jini da ake kira Glivec. Ko da yake an fi shekara goma da yanke wannan hukunci, har yau lauyoyi da likitoci da kamfanoni suna komawa gare shi duk lokacin da aka tayar da tambayar da ta fi kowace nauyi a wannan fanni, wato inda haƙƙin wanda ya ƙirƙiro magani ya tsaya, da inda haƙƙin majinyacin da ke buƙatarsa ya fara. Amsar da alƙalan suka bayar ta shafi al'ummomi masu nisa da Indiya, domin kaso mai yawa na magungunan da ake sayarwa a kemis-kemis ko ake rabawa a asibitocin Afirka daga masana'antun Indiya suke fitowa, kuma dokar da ke iko da waɗannan masana'antu ita ce ke yanke irin maganin da za su iya haɗawa da kuma lokacin da za su fara.

Haƙƙin mallakar ƙirƙira, wanda shi ne ginshiƙin wannan shari'a, yarjejeniya ce tsakanin mai ƙirƙira da al'umma, wadda hukuma ke tsayawa a tsakiyarta. Mai ƙirƙira yana bayyana sirrin abin da ya gano dalla-dalla a rubuce, ta yadda duk wani masani a fannin zai iya karantawa ya aikata, ita kuma hukuma sai ta ba shi takardar da ke hana kowa ƙera wannan abu ko sayar da shi ko shigo da shi ba da izininsa ba, har zuwa wani wa'adi da aka ƙayyade. Idan wa'adin ya cika, ilimin ya zama na kowa. Tsarin ya daɗe, domin birnin Venis da ke Italiya ta yau ya kafa doka a kansa tun 1474, Ingila kuma ta kafa tata a 1624, amma sharuɗɗan da kusan dukan ƙasashe suka amince da su a yanzu guda uku ne: abin ya kasance sabo wanda ba a taɓa bayyana shi ba, ya ƙunshi wani mataki na basira wanda ba zai zo wa kowane ƙwararre a sauƙaƙe ba, sannan ya zama ana iya amfani da shi a masana'anta. Wa'adin da aka tsayar a duniya shi ne shekara 20, ana lissafi daga ranar da aka shigar da takardar nema.

Babu masana'antar da ta dogara da wannan haƙƙi kamar ta magunguna, kuma dalilin haka yana da ƙarfi, ya kamata a faɗe shi da adalci. Gano sabon magani aiki ne mai cin shekaru goma ko fiye, wanda ke farawa daga ɗakin bincike, ya bi ta gwaji a kan dabbobi, sannan ya shiga matakai uku na gwaji a kan mutane, kuma daga cikin magunguna goma da suka kai matakin gwajin mutane, kusan ɗaya ne kawai ke samun amincewar hukuma. Masana sun saɓa a kan kuɗin da ake kashewa, domin wani ƙiyasi da cibiyar bincike ta Jami'ar Tufts da ke Amurka ta fitar a 2014 ya kai dala biliyan 2.6 a kan kowane magani, yayin da wasu masu bincike suka sami adadin da bai kai rabin haka ba, amma duka ɓangarorin sun yarda cewa kuɗin masu yawa ne. Kwaikwayon maganin da aka riga aka gano kuwa ba ya cin irin wannan kuɗi, saboda haka in ba a ba mai ƙirƙira wani lokaci da zai yi kasuwa shi kaɗai ba, da wuya a sami wanda zai zuba jarinsa a bincike. Matsalar ita ce, wanda ke kasuwa shi kaɗai shi ke yanka farashi, kuma majinyaci ba kamar sauran masu saye ba ne, domin ba shi da ikon cewa zai jira sai kaya sun yi sauƙi.

Indiya ta ɗanɗani ɗacin wannan al'amari tun da wuri. Dokar da ta gada daga Turawan mulkin mallaka, ta 1911, ta bai wa kamfanonin waje damar riƙe kasuwar magani, har ya zama ƙasar da talauci ya yi wa katutu tana cikin waɗanda suka fi tsadar magani a duniya. Bayan rahoton da Mai Shari'a Rajagopala Ayyangar ya miƙa a 1959, majalisar ƙasar ta kafa sabuwar doka a 1970, wadda ta fara aiki a 1972, kuma muhimmin abin da ta yi shi ne ta daina ba da haƙƙin mallaka a kan maganin kansa, ta taƙaita shi ga hanyar haɗa shi kawai, na wa'adin da bai wuce shekara 7 ba. Ma'anar haka ita ce, duk kamfanin Indiya da ya gano wata hanya dabam ta haɗa sinadari ɗaya yana da ikon haɗa shi ya sayar. Daga nan ne masana'antar magungunan gama-gari ta bunƙasa, wato magungunan da ke ɗauke da sinadari iri ɗaya da ƙarfi iri ɗaya da na kamfanin asali, waɗanda wani kamfani ya haɗa bisa doka kuma hukumar kula da magunguna ta tantance su. Ya kamata a bambanta su da jabu, domin jabun magani yaudara ce da laifi, shi kuwa maganin gama-gari halastaccen kaya ne wanda asibitocin Amurka da Turai su ma suke amfani da shi kullum.

Wannan tsari ya gamu da cikas a ranar 1 ga Janairu, 1995, lokacin da aka kafa Ƙungiyar Ciniki ta Duniya tare da yarjejeniyar da ake kira TRIPS, wadda ta wajabta wa kowace ƙasa mamba ta ba da haƙƙin mallakar ƙirƙira na shekara 20 a dukan fannonin fasaha, har da magunguna. An ba ƙasashe irin su Indiya shekara goma su gyara dokokinsu, da sharaɗin cewa za su buɗe wani ma'aji da za a riƙa tara takardun neman haƙƙin magani tun daga 1995, domin a duba su idan 2005 ta zo. A cikin waɗannan shekaru goma ne annobar ƙanjamau ta nuna wa duniya abin da farashin magani ke nufi. Haɗin magunguna uku da ke danne ƙwayar cutar yana cin fiye da dala 10,000 a shekara ga mutum ɗaya, yayin da miliyoyin mutane ke mutuwa a Afirka, kuma da Afirka ta Kudu ta gyara dokarta a 1997 domin neman magani mai rahusa, sai kamfanoni kusan 40 suka maka ta a kotu a 1998, ba su janye ba sai a watan Afrilun 2001 bayan duniya ta yi musu ca. A watan Fabrairun wannan shekara ta 2001 kamfanin Cipla na Indiya, ƙarƙashin shugabansa Yusuf Hamied, ya yi tayin sayar da haɗin magungunan a kan dala 350 a shekara, wato ƙasa da dala ɗaya a rana, sannan a watan Nuwamba ministocin ciniki suka fitar da sanarwar Doha, wadda ta tabbatar da cewa yarjejeniyar TRIPS ba ta hana ƙasashe ɗaukar matakan kare lafiyar jama'arsu ba.

Da wannan tarihi a gabansu ne 'yan majalisar Indiya suka zauna gyaran doka a 2005, kuma abin da ya fi damun su shi ne wata dabara da kamfanoni suka saba amfani da ita a ƙasashe masu arziki. Dabarar ita ce, idan wa'adin haƙƙin asali ya kusa ƙarewa, ko ma tun kafin haka, sai kamfani ya yi wa maganin ɗan canji, kamar ya sauya gishirin sinadarin, ko siffar garinsa, ko yawan abin da ake sha, ko ya mayar da ƙwaya ta zama ruwa, sannan ya nemi sabon haƙƙi na wasu shekaru 20 a kan wannan canji. Abin ya yi kama da tazarce a siyasa, inda mai riƙe da kujera yake neman hanyar ci gaba da zama bayan wa'adin da aka yi alkawari da shi ya cika. Domin toshe wannan ƙofa ne aka sake rubuta sashe na 3d na dokar, wanda ya ce sabuwar siffa ta wani sinadari da aka riga aka sani ba za a ɗauke ta a matsayin ƙirƙira ba, sai fa idan an nuna cewa ta ƙara wa sinadarin ƙarfin aikin da aka san shi da shi. Sashen ya lissafa gishiri da siffofin gari da girman ƙwayoyi da makamantansu, ya ce duka za a ɗauke su a matsayin abu ɗaya da na asali, matuƙar ba su bambanta sosai a ƙarfin aiki ba.

Maganin da ya fara gwada ƙarfin wannan sashe magani ne na gaske wanda babu mai musun darajarsa. Cutar da yake magancewa wani nau'in sankarar jini ne mai tafiya a hankali, inda ɓargo ke fitar da fararen ƙwayoyin jini fiye da ƙima, kuma tushenta ya fara bayyana a 1960 lokacin da Peter Nowell da David Hungerford suka lura da wani gajeren kuromosom a ƙwayoyin masu cutar, wato ɗaya daga cikin zaruruwan da ke ɗauke da bayanan gado a cikin ƙwayar halitta. A 1973 Janet Rowley ta nuna cewa wani yanki na kuromosom na 9 ne da na 22 suka yi musanyar wuri, kuma daga baya aka gano cewa wannan musanya tana haifar da wani sinadarin furotin wanda ke umartar ƙwayoyin jini su yi ta hayayyafa ba tsayawa. Masu bincike a kamfanin Ciba-Geigy, wanda ya haɗe da Sandoz a 1996 suka zama Novartis, sun haɗa sinadarin imatinib da ke toshe aikin wannan furotin, likita Brian Druker na jihar Oregon kuma ya jagoranci gwajinsa a kan majinyata, inda jinin 53 daga cikin 54 da suka sha isasshen adadi ya daidaita. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a watan Mayun 2001, kuma cutar da a da take kashe mafi yawan masu ita cikin 'yan shekaru ta koma wadda ake rayuwa da ita tsawon lokaci, muddin ana shan maganin kullum. Wannan sharaɗi na shan magani kullum, shekara da shekaru, shi ya sa farashinsa ya zama batun rai da mutuwa.

An nemi haƙƙin asali na imatinib a ƙasashe da dama a farkon shekarun 1990, da sunan masanin sinadarai Jürg Zimmermann, amma da yake hakan ya faru kafin 1995, lokacin da dokar Indiya ba ta ba da haƙƙi a kan magani, bai samu shiga ma'ajin Indiya ba. Abin da Novartis ya shigar a ofishin rajista na birnin Chennai a 1998 shi ne neman haƙƙi a kan wata siffa ta musamman ta gishirin maganin, wadda ake kira siffar beta ta imatinib mesylate. A 2003 kamfanin ya sami izinin wucin gadi na sayarwa shi kaɗai, ya kuma yi amfani da shi ya dakatar da wasu kamfanonin Indiya ta hanyar kotu, a daidai lokacin da maganinsa ke cin kusan rupi 120,000 a wata, na gama-gari kuma tsakanin rupi 8,000 zuwa 10,000. Da aka zo duba takardar, ƙungiyar taimakon masu ciwon daji ta Indiya da kamfanoni irin su Natco da Cipla suka shigar da ƙorafi, kuma a watan Janairun 2006 ofishin ya ƙi ba da haƙƙin. Novartis ya ƙalubalanci sashe na 3d kansa a Babbar Kotun Madras, yana cewa ya saɓa wa tsarin mulki da yarjejeniyar TRIPS, kotun ta yi watsi da ƙarar a watan Agustan 2007, hukumar ɗaukaka ƙara ta harkokin mallakar fasaha ita ma ta ƙi amincewa a 2009, daga nan maganar ta isa Kotun Ƙoli.

Alƙalai biyu ne suka saurari ƙarar, Mai Shari'a Aftab Alam da Mai Shari'a Ranjana Prakash Desai, kuma sun gina hukuncinsu a kan tambayoyi biyu. Ta farko ita ce ko gishirin imatinib mesylate sabon abu ne, inda suka gano cewa takardar Zimmermann ta riga ta ƙunshe shi, kuma hujjar da suka kafa ita ce halin kamfanin kansa, domin da wannan tsohuwar takarda ya dogara wajen neman ƙarin wa'adi ga maganin a Amurka, da ita kuma ya hana Natco sayar da nasa a Birtaniya. Kotun ta ƙi yarda da cewa takarda za ta iya hana wasu haɗa wani abu a wata ƙasa, sannan a zo wata ƙasa a ce ba ta bayyana wannan abu ba, domin hakan zai rushe tushen yarjejeniyar, wadda ta ce ana ba da kariya ne a madadin abin da aka bayyana. Tambaya ta biyu ita ce ko siffar beta ta cika sharaɗin ƙarin ƙarfin aiki. Kamfanin ya nuna cewa wannan siffa ta fi sauƙin sarrafawa a masana'anta, ta fi daɗewa ba ta lalace ba, ba ta kuma tsotsar laima sosai, sannan ya ce jiki yana ɗaukar ta da kashi 30 cikin ɗari fiye da asalin sinadarin. Alƙalan suka ce a batun magani, ƙarfin aiki yana nufin ƙarfin warkarwa, kuma sauƙin sarrafawa ko ajiya, duk da amfaninsa, ba ya ƙara wa majinyaci lafiya, ƙarin abin da jiki ke ɗauka kuma ba ya isa hujja sai an kawo sakamakon bincike da ke nuna cewa ya inganta warkarwa, abin da kamfanin bai kawo ba.

Novartis ya bayyana rashin jin daɗinsa, yana cewa hukuncin zai kashe gwiwar masu bincike, kuma ƙasashe kusan 40 sun ba shi haƙƙi a kan wannan siffa, sannan ya tunatar da cewa yana ba da maganin kyauta ga majinyata kusan 16,000 a Indiya ta wani shirin tallafi. Shirin na gaske ne, ya kuma ceci rayuka a ƙasashe da yawa, har da Najeriya, inda aka daɗe ana raba maganin ta asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife. Sai dai kyauta tana hannun mai bayarwa, shi ke zaɓar wanda zai samu da inda za a je a karɓa da lokacin da za a daina, alhali gasa tsakanin masana'antu tana sauke farashi ga kowa ba tare da roƙo ba. Game da kashe gwiwar bincike kuwa, kotun da kanta ta bayyana cewa sashe na 3d bai rufe ƙofa ga dukan ƙananan gyare-gyare ba, abin da ya nema kawai shi ne a nuna amfaninsu ga mai jinya, kuma Indiya ta ci gaba da ba da haƙƙin mallaka ga sababbin magunguna masu yawa tun daga 2005. Abin da ya faru a Amurka, inda babu irin wannan sashe, ya ƙara wa matsayin kotun ƙarfi, domin farashin Gleevec, kamar yadda ake kiran maganin a can, ya tashi daga kusan dala 30,000 a shekara a 2001 zuwa dala 92,000 a 2012, bayan kamfanin ya daɗe da mayar da kuɗin bincikensa, har ƙwararrun likitocin wannan cuta fiye da 100, ciki har da Druker, suka fito a 2013 suka yi tir da tsadar magungunan sankara a wata mujallar kimiyya.

Misalin da ya fi nuna abin da Indiya ta guje wa shi ne na maganin Humira na kamfanin AbbVie, wanda ake amfani da shi a kan ciwon gaɓoɓi da wasu cututtukan garkuwar jiki, kuma yana cikin magungunan fasahar halittu, wato waɗanda ake samarwa daga rayayyun ƙwayoyin halitta maimakon haɗa sinadarai. Haƙƙinsa na asali ya ƙare a Amurka a 2016, amma kamfanin ya kewaye shi da wasu takardun mallaka fiye da 130 a kan hanyoyin haɗawa da na amfani, ta yadda masu gasa ba su shiga kasuwar Amurka ba sai a 2023, alhali sun shiga ta Turai tun 2018. Ita ma Amurka tana shata iyaka idan ta ga dama, domin a watan Yunin 2013, wata biyu bayan hukuncin Glivec, Kotun Ƙolinta ta yanke a shari'ar kamfanin Myriad cewa ba a mallakar ƙwayar gado ta ɗan Adam don kawai an ware ta daga jiki. Wannan yana nuna cewa shata iyakar abin da ya cancanci haƙƙin mallaka aiki ne da kowace ƙasa ke yi gwargwadon maslahar jama'arta, kuma yarjejeniyar TRIPS ta bar wa ƙasashe wannan sarari, tun da ba ta fassara ma'anar ƙirƙira da kanta ba.

Sashe na 3d ba shi kaɗai ne makamin da doka ta tanada ba. Akwai lasisin tilas, wato izinin da gwamnati ke bai wa wani kamfani ya haɗa maganin da ke ƙarƙashin haƙƙin mallaka ba da yardar mai shi ba, tare da biyansa wani kaso na ciniki, kuma Indiya ta yi amfani da shi a watan Maris na 2012 a kan maganin sankarar hanta da ƙoda mai suna Nexavar na kamfanin Bayer, inda farashin wata ya sauko daga kusan rupi 280,000 zuwa rupi 8,800. Akwai kuma lasisin son rai, wanda asusun haɗa haƙƙoƙin magunguna da hukumar Unitaid ta kafa a 2010 yake shiryawa tsakanin kamfanonin asali da na gama-gari, kuma ta wannan hanya ce haɗin maganin ƙanjamau mai ɗauke da dolutegravir ya zo ƙasashe masu tasowa a kan dala 75 a shekara a 2017, ya kuma ci gaba da sauka bayan haka. A watan Maris na 2023 ofishin rajista na Indiya ya sake bin sawun hukuncin Glivec, ya ƙi bai wa kamfanin Johnson & Johnson haƙƙi na biyu a kan gishirin bedaquiline, maganin tarin fuka mai bijire wa magunguna, bayan ƙorafin wasu mata biyu da suka warke daga cutar, Nandita Venkatesan ta Indiya da Phumeza Tisile ta Afirka ta Kudu. Haƙƙin asali ya ƙare a watan Yulin 2023, masu gasa suka shigo, farashi ya faɗi ƙwarai, kuma Najeriya, wadda ke cikin ƙasashen da suka fi yawan masu tarin fuka a duniya, tana cikin masu cin gajiyar wannan sauƙi.

A nan ne darasin ya iso gida. Dokar mallakar ƙirƙira ta Najeriya ta 1970 ce, shekara ɗaya da ta Indiya, amma tafarkinsu ya bambanta, domin dokar Najeriya ta umarci magatakarda ya duba cikar takardu kawai, ba tare da ya binciki ko abin da ake nema sabo ne ko ya ƙunshi basira ba, wanda ke nufin cewa haƙƙin da Indiya za ta ƙi yana iya samun rajista a Abuja cikin sauƙi, kuma sai wanda ya ji an cuce shi ya je kotu ya nemi a soke. Nijar da Kamaru da Cadi suna cikin ƙungiyar OAPI mai mambobi 17 da hedikwata a Yawunde, inda takarda ɗaya ke aiki a dukan ƙasashen, Gana da Sudan kuma suna cikin ARIPO mai hedikwata a Harare. Ƙasashe mafiya ƙarancin ci gaba, irin su Nijar da Cadi, suna da rangwamen da Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta ba su na kada su tilasta haƙƙin mallakar magunguna har zuwa 1 ga Janairu, 2033, amma rangwamen ba ya amfanar kowa sai an shigar da shi cikin doka an kuma yi aiki da shi. Gaskiya ne cewa haƙƙin mallaka ba shi kaɗai ke jawo tsadar magani a waɗannan ƙasashe ba, domin mafi yawan magungunan yau da kullum wa'adinsu ya daɗe da ƙarewa, kuma faɗuwar darajar kuɗi da dogaro da shigo da kaya da ƙarancin inshorar lafiya su ne ke cin aljihun talaka, amma sababbin magungunan sankara da ciwon suga da ciwon hanta da ke tafe duka suna ƙarƙashin haƙƙi, kuma kamfanonin cikin gida da ake fatan su haɗa su za su ci karo da duk wata takarda da aka yi wa rajista ba tare da bincike ba.

Hukuncin Glivec ya tsaya a kan adalci, domin ya bar wa mai ƙirƙira ta gaskiya ladansa na shekara 20 cif, ya kuma hana a ƙara wa'adin da sunan canjin da bai amfani mai jinya ba. Ya rage ga majalisun dokoki na Najeriya da maƙwabtanta su sake duba dokokinsu, su shigar da sharaɗin ƙarin ƙarfin warkarwa, su ba ƙungiyoyin majinyata da kamfanonin cikin gida damar shigar da ƙorafi kafin a ba da haƙƙi, su sauƙaƙa hanyar ba da lasisin tilas idan lafiyar jama'a ta buƙaci haka, sannan gwamnatoci su horar da masana sinadarai da harhaɗa magunguna da lauyoyi waɗanda za su iya tantance takardun da ake kawowa. Jami'o'i da ƙungiyoyin likitoci da na masu harhaɗa magunguna su ma suna da alhakin wayar da kan jama'a a kan bambancin maganin gama-gari da jabu, domin majinyaci ya karɓi mai rahusa da natsuwa idan hukuma ta tantance shi. Wajibi ne a yi wannan gyara tun yanzu, kafin sababbin magungunan su iso da farashin da mafi yawan jama'a ba za su iya biya ba.